Filin Tambaya Da Amsa: Allon Gini Daga Buntun Shinkafa, Garin Katako Da Leda

Tsadar katako da ta silin ta sa yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili a 'yan makonnin nan sun karkata ga magana guda, wato ko tarkacen da masana'antun Kano ke zubarwa zai iya komawa allon gini. Na zaɓi guda shida, na taƙaita su saboda ƙarancin wuri, na kuma sakaya sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a kasuwar 'yan katako ta Na'ibawa. Allunan da muke saye muna haɗa sif da durowa da su, idan aka yanka sai a ga cikinsu ɓarzajjen katako ne a dunƙule. Shin da gaske daga irin garin katakon da muke sharewa muna ƙonawa ake yin su? Kuma me ya sa suke kumbura da damina har ƙusa ta saki?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam kafinta. Abin da ka ji gaskiya ne, kuma tun asali neman yadda za a yi da tarkace ne ya haifi wannan sana'a. A shekarar 1924 wani injiniya Ba'amurke mai suna William Mason ya gano cewa idan aka turara guntayen itacen da injinan tsaga katako ke bari, aka farfasa su har suka koma zare, sannan aka matse su da zafi, ƙaron da ke cikin itacen da kansa zai haɗe su ba tare da an zuba gam ba. Daga nan aka samu siririn allon nan mai ruwan ƙasa da kuke rufe bayan sif da shi. A daidai wannan zamani kamfanin Celotex a jihar Luwiziyana yana yin allo daga tukar raken da masana'antun sukari suka tatse, wato irin allon silin mai laushi da dattawan magina suka sani. Shi kuwa wanda kake tambaya, masana'antarsa ta farko ta fara aiki a birnin Bremen na Jamus a 1941, lokacin da yaƙi ya sa katako ya yi wuya.

Sai dai ba da garin nan mai laushi kaɗai ake yin sa ba. Ƙarfin allon yana fitowa ne daga guntaye masu ɗan tsawo da ke hawa kan juna a tsakiyarsa, shi kuma gari mai laushi ana shimfiɗa shi sama da ƙasa domin fuskar ta yi santsi. Ana busar da su har laimarsu ta sauko ƙasa da kashi 5 cikin 100, a fesa musu gam kimanin kashi 6 zuwa 10 na nauyinsu, sannan a matse na 'yan mintoci tsakanin faranta biyu na ƙarfe masu zafin digiri 160 zuwa 200. Gam ɗin da aka fi amfani da shi haɗi ne na yuriya, irin ta takin zamani, da wani sinadari da ake kira fomaldihayid. Araha gare shi kuma yana kamawa da sauri, amma ba ya jure ruwa.

Kumburin da kake gani dalili biyu gare shi. Guntayen da aka danne da ƙarfi suna miƙewa su koma girmansu na da da zarar sun sha laima, sannan laimar tana warware gam ɗin sannu a hankali. Yanayin Kano kuwa yana tsananta abin, domin da hunturu laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, a watan Agusta kuma ta haura 70, kuma allon da ya kumbura ba ya komawa yadda yake ko da ya bushe. Saboda haka duk gefen da zarto ya yanka ka rufe shi da tef ɗin gefe ko fenti, har da wanda ido ba ya gani, ka sa wa sif ƙafafu domin kada ruwan goge daɓe ya taɓa shi, ka huda gurbi kafin ka murɗa ƙusa, kuma kada ka yarda ka yi wa kowa kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke da shi sai in ka samu mai jure laima, wanda galibi cikinsa kore ne. Game da garin da kuke ƙonawa kuwa, da za ku riƙa ware ɓawon da injin gogewa ke fitarwa daga garin zarto, ku kiyaye shi daga yashi da baƙin mai da guntayen katakon da aka shafa wa maganin gara, da ya zama hajar da mai yin allo zai biya kuɗi ya ɗauka.

Tambaya: Malam barka da aiki. Na gama difloma a fannin gine-gine, ina zaune a Ɗorayi babu aiki. Kullum ina ganin tulin buntu a bakin injinan shinkafa na hanyar Kura da na cikin gari. 'Yan'uwa sun haɗa mini ɗan jari, kuma wani mai walda ya ce zai ƙera mini injin matsa da jak ɗin mota. Zan iya fara yin allon silin da buntu?

Amsa: Barka kadai ɗana, Allah ya sa albarka a wannan niyya. Zan tsawaita a kan tambayarka, domin kuɗin 'yan'uwa amana ne, kuma abin da za ka ƙera a saman kawunan mutane za a kafa shi.

Idonka ya gane gaskiya game da yawan kayan. Kowane tan ɗaya na shanshera yana barin kimanin kilo 200 na buntu, don haka injin da ke casar tan 100 a yini yana tara tan 20, wanda a lissafin nauyi kawai ya isa alluna kusan 800 masu ƙafa 4 a ƙafa 8 da kaurin rabin inci. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019 kuwa injinan shinkafa suka yawaita a Kano da kewayenta. Buntu yana da hali na musamman, domin kusan kashi 20 cikin 100 na nauyinsa toka ce, kuma kimanin kashi 90 na wannan tokar silika ce, wato sinadarin da yashi ya ƙunsa. Wannan ne ya sa ba ya saurin ruɓewa, gara ba ta sha'awarsa kamar yadda take sha'awar katako, wuta ma ba ta cin sa da gaggawa. Amma shi ne kuma ya sa bayansa yake da tauri da santsi, gam na yau da kullum ba ya kama shi sosai sai an ɓarza shi an ƙara yawan gam ɗin ko an nemi mai tsada, kuma yana dakusar da haƙoran zarto da wuƙaƙen inji.

Maganar jak ita ce nake so ka yi wa lissafi da alƙalami kafin ka biya mai walda. Allon gam yana bukatar matsin kimanin kilo 25 a kan kowane murabba'in santimita. Idan ka buga wannan a kan allo mai ƙafa 4 a 8 za ka samu sama da tan 700, a kan mai ƙafa 2 a 2 kuwa sama da tan 90. Babban jak mai ɗaga tan 20 ko 30 iyakarsa allo mai ƙafa ɗaya a ƙafa ɗaya, kuma duk da haka sai ka samu faranta masu zafi da wutar da za ta riƙe zafinsu yini guda, ga kuɗin lantarki da na dizal yadda suke a yau. A ganina allon gam ba sana'ar ƙaramin jari ba ce, kuma wanda ya ce maka ita ce bai yi wannan lissafi ba.

Hanyar da ta dace da kai ita ce ta siminti, domin ba ta bukatar zafi. Ana haɗa siminti awo biyu da rabi zuwa uku da buntu awo ɗaya, a ma'aunin nauyi ba na kwano ba, a zuba a mazubi mai ƙafa 2 a 2, a girgiza, a jera mazuban a kan juna a danne su da jak, a ɗaure da noti su kwana a matse, sannan a kwance a ajiye su a inuwa cikin danshi har kwana 28 kamar yadda ake yi wa bulo na ƙwarai. Ƙarfinsa ba zai kai na babbar masana'anta ba, amma silin ba ya ɗaukar nauyin kowa sai nasa. Da yake buntu gajere ne, allon da aka yi da shi kaɗai yana saurin karyewa, shi ya sa ake ƙara zaren kwali, wato a jiƙa tsofaffin kwalaye a dama su har su narke. Wannan ba baƙon abu ba ne, domin tun wajajen shekarun 1980 da zaren takarda manyan kamfanoni suka maye gurbin asbesto a allon siminti.

Babban abin da ke karya masu farawa shi ne sukarin da ke cikin tsiro, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya hana siminti kamawa. Tukar rake ta fi kowa wannan matsala, ɗanyen garin katako yana biye da ita, buntu ma bai kuɓuta ba. Maganinsa shi ne a jiƙa kayan kwana ɗaya ko biyu ana sauya ruwa, ko a wanke da ruwan zafi, sannan a sa gishirin kalsiyam kulorayid kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na nauyin siminti domin ya gaggauta kamawa. Wannan gishiri yana sa ƙarfe tsatsa, don haka sai da ƙusa mai rufin zinki za a kafa allon. Duk lokacin da ka sauya wurin da kake samo buntu, ka kwaɓa ɗan kaɗan a kofi, ka kwaɓa zallar siminti a wani kofin, ka gwada su da farce washegari. Idan naka yana marmashewa, to kada ka zuba buhu guda a wannan haɗi.

Tokar buntu ma tana da amfani, domin za ta iya maye kashi 10 zuwa 20 na simintin, kuma tana rage kaifin sinadarin siminti da ke cinye zaren tsiro bayan shekaru. Sharaɗin shi ne ta zama fara-fara, wadda ta ƙone a zafin da bai wuce digiri 700 ba, aka kuma niƙa ta da laushi. Baƙar tokar da ke fitowa daga tukunyar tururin kamfanonin shinkafa tana da gawayi mai yawa, tana shanye ruwa tana raunana haɗin. Ƙurarta kuma tana cutar da huhu, saboda haka kai da yaranka ba za ku taɓa ta ba sai da takunkumi.

Saura lissafin kuɗi da na nauyi. Allo ɗaya mai ƙafa 2 a 2 da kaurin milimita 8 zai kai kilo uku da rabi, ɗaki mai ƙafa 12 a 12 kuma zai ci guda 36, wato wajen kilo 130 a rataye, abin da ya wajaba kafinta ya sani kafin ya zaɓi katakon da zai riƙe su. Wannan ɗaki zai ci buhu ɗaya da rabi zuwa biyu na siminti, kuma da wannan farashi ne za ka yi gogayya da silin roba da na POP. Kada kuma ka ɗauka buntu kyauta ne, domin kamfanonin da kansu suna hura tukunyar turara shinkafa da shi, masu kiwon kaji suna shimfiɗa shi, masu haɗa abincin dabbobi suna saye. Ba shi da nauyi amma yana cika mota, don haka kuɗin dakonsa kan fi kuɗinsa, kuma hikima ita ce ka kafa rumfarka kusa da injin. Shawarata ita ce ka taɓa kaɗan daga jarin, ka yi haɗi iri uku ko huɗu, ka rubuta awon kowanne, ka kafa su a rumfarka ƙarƙashin kwano su ga bazara su ga damina kafin ka sayar wa kowa ko guda ɗaya.

Tambaya: Malam, ni uwa ce daga Gwale. Mun yi wa 'yata kayan ɗaki, gado da sif da madubi, amma tun da aka yi jere ɗakin yake wani wari mai yaji har ido yana ruwa. Sannan silin gidan tsohon asbesto ne ya fara tsagewa, wani ya ce mu cire mu ba masu yin sabon allo su niƙa su sake amfani da shi. Mene ne shawara?

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri ya ba su zaman lafiya. Warin da kike ji na fomaldihayid ne da ke fita daga gam ɗin allunan, kuma shi ne sinadarin da ke cikin ruwan da asibitoci ke adana gawa da shi. Yana sa yajin ido da kaikayin maƙogwaro, yana tayar da asma, kuma a 2004 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam, musamman ga ma'aikatan da suka daɗe suna shaƙarsa da yawa. Ba na faɗi haka don in tayar miki da hankali ba, domin fitarsa tana raguwa sosai cikin makonni da watannin farko, amma zafi da laima suna ƙara ta, ɗakin amarya kuwa galibi a rufe yake da labule masu kauri. A buɗe tagogi da ƙofofin sif da durowa a kunna fanka, a kira kafinta ya shafe duk inda allon yake tsirara, musamman bayan sif da ƙasan gado da cikin durowa. Turaren wuta yana rufe warin ne kawai, ba ya rage sinadarin. Idan akwai mai asma ko mai juna biyu ko jariri, a kwana a wani ɗakin har warin ya lafa, kuma idan tari ya ƙi tafiya a ga likita. Nan gaba in za a yi wa ƙannenta, a tambayi kafinta ko allon yana da alamar E1, wadda ke nuna bai wuce iyakar da Turai ta sa ba.

Game da asbesto kuwa, Hajiya, ina roƙonki kada ki bari a niƙa shi, kuma kada wani mai yin allo ya karɓa. Wannan shi ne tarkacen da babu halin sake amfani da shi ko ta wace fuska. Tun da Ludwig Hatschek ɗan ƙasar Ostiriya ya ƙirƙiro allon siminti da asbesto a 1900 duniya ta rungume shi saboda ƙarfinsa da jure wuta, sai daga baya aka tabbatar cewa siraran zarensa, waɗanda ido ba ya gani, suna maƙalewa a huhu su haifar da ciwon daji bayan shekara 20 zuwa 40. Tarayyar Turai ta haramta shi baki ɗaya tun 2005. Muddin allon yana nan lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, kuma fenti yana ƙara rufe shi. Haɗarin yana zuwa ne daga fasawa da yankawa da gogewa, niƙa kuwa ita ce mafi muni. Idan cirewa ta zama dole, a fitar da kaya da yara daga ɗakin, a jiƙa allunan da ruwa, a zare ƙusoshi a sauke su ɗai-ɗai ba tare da an karya ba, masu aikin su sa takunkumi mai tace ƙura, a naɗe allunan a leda mai kauri, a goge daɓen da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, sannan a tuntuɓi hukumar kula da muhalli kan inda za a binne su.

Tambaya: Malam, ina da injin niƙa roba a Sharaɗa, ina sayen leda da robobi daga 'yan jari-bola. Na ga ana narka ledar fiya wata a rabin ganga ana haɗawa da yashi ko garin katako. Zan iya yin allon silin da na raba ɗaki da wannan?

Amsa: Malam, allon roba da garin katako sana'a ce tabbatacciya, kuma kai da ke da injin niƙa ka riga ka yi rabin tafiya. Ledar fiya wata tana narkewa a zafin digiri 110 zuwa 130, garin katako kuma ba ya fara ƙonewa sai an doshi 200, wannan tazara ce ta sa suke haɗuwa, har garin yakan kai rabin nauyin allon ko fiye. Robar gorar ruwa da ta lemo ba ta narkewa sai wajen digiri 250, don haka kafin ta narke garin ya zama gawayi. Robar bututun ruwa da ta silin kuwa, wato PVC, idan ta ji wuta tana fitar da hayaƙi mai guba da ke ƙona huhu ya cinye ƙarfen inji. Ke nan tantance robobi shi ne tushen aikin, tare da wanke su da busar da garin sarai, domin laima tana zama tururi ta bar ramuka a cikin allon.

Narkawa a rabin ganga a kan itace ba na goyon bayanta. Babu mai iya daidaita zafin, ƙasan yana ƙonewa sama bai narke ba, robar da ta ƙone ta rasa ƙarfinta, kuma yaran da ke juyawa su ne ke shaƙar hayaƙin yini guda. Injin da ke narkarwa a rufe yana tura robar ta baki, irin wanda kamfanonin roba na Sharaɗa da Bompai ke aiki da shi, shi ne kayan aikin.

Amma ko da ka samu injin, ba na ba ka shawarar silin ko bangon raba ɗakin kwana. Daga man fetur da iskar gas ake yin leda, kuma kilo ɗaya nata yana ba da zafi kusan daidai da kilo ɗaya na kananzir. Idan ta kama tana narkewa tana ɗiga da wutarta a kan abin da ke ƙasa. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta yi a watan Maris na 2016 ba zai so a ƙara wa rufin shaguna da gidaje makamashi ba. Ban da wuta ma, zafin da ke taruwa tsakanin kwano da silin a watan Afrilu yana sa irin wannan allo ya saki ya yi ciki. Inda zai yi maka kasuwa shi ne inda ruwa da gara ke kashe katako a sarari: allon tare kankare wanda za a yi ta maimaita amfani da shi, bencin tsakar makaranta, ƙofar banɗakin waje, shingen dabbobi, da dandamalin da ake jera buhuna a kai a rumbunan Dawanau.

Tambaya: Malam, ina aiki a wani kamfanin jima a Challawa. Kullum muna tara shuɗin askin fata tuli-tuli. Ba za a iya zuba shi a allon gini ba, a huta da zubarwa?

Amsa: Ɗan'uwa, na fahimci damuwarka, domin wannan tuli yana daga cikin manyan matsalolin muhalli na Challawa da Sharaɗa da Bompai. Shuɗin nan launin gishirin kuromiyam ne da aka jeme fatar da shi. Nau'in da ake jima da shi ba shi da tsananin guba, amma idan ya ƙone, musamman tare da farar ƙasa ko siminti, wani ɓangarensa yana rikiɗa ya koma nau'in da ke narkewa a ruwa, yana cin fata, yana kuma haddasa ciwon daji. Saboda tsoron wannan nau'i ne Turai ta taƙaita shi a cikin siminti kansa zuwa kashi 2 cikin miliyan tun 2005. Allon gida kuwa ana yanka shi, ana huda shi, gobara tana iya cin sa, ƙarshensa kuma bola ko murhun wata baiwar Allah da ba ta san abin da ke ciki ba. Don haka amsata game da allon ɗakin da mutane ke kwana ita ce a'a, haka ma taɓon da ke kwantawa a kwatamin ruwan jima.

Askin yana da inda yake shiga. Ana niƙa shi a haɗa da ruwan roba a matse ya zama allon fata, wanda ake yin shimfiɗar cikin takalmi da abin ƙarfafa dunduniya da cikin jaka da shi, kayan da masu takalma na Ƙofar Wambai ke saye kullum. Cibiyar nazarin fata da ke Samaru a Zariya ita ce wurin da ya kamata masu kamfaninku su nufa da wannan magana.

Tambayarka ta tuna mini da wani abu da ke hannun majemanmu na gargajiya. Sinadarin da ke cikin bagaruwa wanda ke jeme fata yana iya zama gam ɗin allo, kuma tun shekarun 1970 Afirka ta Kudu take haɗa allunan ɓarzajjen katako da irin wannan sinadari da take tatsa daga ɓawon wata bishiya 'yar'uwar gabaruwa. Irin wannan gam ya fi na yuriya jure laima, kuma abin da yake fitarwa na fomaldihayid kaɗan ne. Ina ganin wannan aiki ne da ya cancanci ɗaliban kimiyyar haɗa sinadarai na Jami'ar Bayero da ta Wudil su duƙufa a kai.

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Ƙofar Ruwa. An kawo mini samfurin allon silin da aka ce a nan Kano aka yi shi daga tarkacen masana'anta. Ta yaya zan gane nagari kafin in sa shi a shagona?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Ka yanki guntu ka auna kaurinsa da nauyinsa, ka nutsar da shi a bokitin ruwa awa 24, ka sake aunawa. Ma'aunin Turai na allon siminti da katako bai yarda kaurin ya ƙaru da fiye da kashi ɗaya da rabi cikin 100 ba, don haka kumburin da ido ya gani ya riga ya yi yawa. Ka ɗora wani allon a kan bulo biyu, ka aza masa nauyi a tsakiya ya yi mako guda ka ga ko zai yi ciki, ka buga ƙusa kusa da gefe ka ga ko zai tsage, sannan a fili ka kara masa wuta na minti ɗaya ka janye, ka lura ko zai ci gaba da ci, ko zai ɗiga, ko zai yi baƙin hayaƙi.

Wannan gwajin shago ne, yana fitar da marar kyau amma ba ya wanke mai kyau. Wanda ya yi allon shi ne zai kai samfuri ɗakin gwaje-gwaje na sashen injiniyan gine-gine a jami'a, ko Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978 domin irin wannan aiki, sannan ya nemi shaidar MANCAP daga hukumar kula da ingancin kaya ta SON. Ka nemi ya nuna maka takardar sakamakon, kuma ya rubuta maka abin da ya zuba a ciki da masana'antar da ya samo shi, domin buntu da kwali da garin katako mai tsabta daban suke da niƙaƙƙen asbesto ko askin fata, alhali bayan an shafa fenti ido ba zai bambance su ba. Idan ya ce haɗin sirrin sana'a ne, ka ce masa ba awon kake nema ba, sunayen kayan kawai, kuma idan ya ƙi faɗar wannan ma to ka mayar masa da samfurinsa.